Farin Ɗigo a Gonar Doya

Ranar Talata ce a ƙarshen damina, ƙarfe goma da kwata na safe. Mu uku ne a ɗakin kwamfuta na ofishinmu da ke Garki: ni, da shugaban sashenmu wanda kowa ke ce wa Oga, da injiniyan da ke kula da na'urorinmu na auna motsin ƙasa. Na gama rubuta umarni na ƙarshe, na danna, taswirar ta fito. A tsakiyarta akwai da'ira, a cikin da'irar kuma ɗigo bakwai. Shida baƙaƙe ne, ɗaya fari.

Oga ya sunkuyo ya ƙura wa farin ɗigon ido, sannan ya miƙe ya ce, "Shi ke nan. An gama."

Kimanin mako biyu kafin ranar, ƙasa ta motsa a wani ƙauyen manoma da ke gindin wani dutse a arewacin birni. Da la'asar ne. Kwanuka suka zubo daga inda aka jera su, kaji suka watse, bangon wasu ɗakuna ya tsage. Babu wanda ya ji rauni. Ba shi ne karo na farko ba, shi ya sa tun farkon shekara muka binne ƙananan na'urori bakwai kewaye da yankin, kowace da batirinta da faifan sola. A bayan dutsen akwai wani kamfani da ke fasa dutse da nakiya. Mutanen ƙauyen suka ce aikin kamfanin ne. Kamfanin ya ce nakiyarsa ba ta kai ta girgiza gari ba, ƙasar wurin ce ba ta zaune lafiya. Aka kafa kwamiti, aka sa zamansa ranar Juma'a, aka ce ofishinmu ya kawo amsa. Akwai abin da ba a rubuta a takardar gayyata ba amma kowa ya san shi: idan muka ce ƙasa ce ke motsi da kanta a ƙarƙashin dutsen, shawarar da za ta biyo baya ita ce a tashi ƙauyen a kai mutanensa wani wuri.

Nawa aikin a cikin wannan ƙarami ne, kuma yana da iyaka. Ina duba motsin farko. Idan girgiza ta iso wajen na'ura, layin da take zanawa yakan fara da tsalle guda, ko dai sama ko ƙasa. Sama na nufin an turo ƙasar wurin. Ƙasa na nufin an ja ta. Nakiya idan ta fashe a cikin dutse, turi take yi ta kowace fuska, don haka duk na'urar da ke kewaye da ita sama za ta fara. Tsaga kuwa, wato inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ya rabu gida biyu har ɓangare ɗaya ya goga da ɗaya, takan tura wasu fuskoki ta ja wasu. A taswira muna sa baƙin ɗigo ga turi, farin ɗigo ga ja. Idan aka samu baƙi da fari, sai a ja layi biyu a raba da'irar gida huɗu, a cike gida biyu da baƙi. Hoton yakan yi kama da ƙwallon yara, kuma ƙwallo muke kiransa a ofis.

Manhajar da nake zana wannan taswira da ita ba ta da maɓallai masu launi da za a bi a danna. Baƙin allo ne, sai ka rubuta mata umarni layi bayan layi. Layi ɗaya ya faɗi iyakar yankin da za a zana, gabas da yamma, kudu da arewa. Wani ya ɗora tsaunuka da rafuka. Na ƙarshe ya karanta wani ɗan fayil mai sahu huɗu: lambar na'ura, da fuskar da take daga inda abin ya faru, da kusurwar da girgizar ta fita zuwa gare ta, da alamar sama ko ƙasa. Mutane da yawa suna jin tsoron baƙin allon. Ni kuwa shi na fi so, saboda ba ya ɓoye komai. Duk abin da ya fito a taswira, akwai layin da ya sa shi fitowa, kuma ana iya komawa a karanta layin ko bayan shekara biyar ne. Kafin in zo wannan aiki na yi wasu shekaru a ɗakin labarai na gidan rediyo, inda aka koya mini cewa kowace jimla da za ka karanta sai ka san wanda ya faɗe ta. Fayil ɗin umarni ma haka yake.

Farin ɗigon na na'ura ta huɗu ne. Ita ce mafi kusa da dutsen, kuma layinta ya fi na kowacce tsabta. Da a ce daga wata na'ura mai nisa ya fito, mai layi cike da hayaniyar motoci, da sai mu ce ba a gani sosai mu ajiye shi gefe. Wannan kuwa tsallensa ƙasa ya yi, ƙarara, ko wanda bai taɓa ganin irin layin ba zai nuna shi da yatsa.

Oga ba mutum ne mai gaggawa ba, kuma maganarsa tana kan ƙa'ida. Ya ce nakiya ba ta ja, turi kawai ta sani. Farin ɗigo ɗaya mai tsabta ya isa ya kore batun nakiya. Ya ce in ja layuka in cike ƙwallo, ya sa a rahoto kafin a tashi aiki. Na ce masa da ɗigo bakwai zan iya zana masa ƙwallo iri goma, kowanne ya dace da su, kuma dukkansu a kan farin ɗigon nan guda suke tsaye. Idan ya faɗi, duk sun faɗi.

"To me zai kayar da shi, Malama?"

Na ce ban sani ba tukuna. Na roƙi ya ba ni zuwa Alhamis.

Ya dubi injiniya ya ce, "Ka ji mutanen rediyo. Sai sun ji daga majiya biyu." Amma ya ba ni.

Na'ura ta huɗu a gefen gonar wani dattijo take, wanda muke ce wa Baba. Shi ya ba mu wurin, shi ke share ciyawa daga kan faifan sola, shi ke korar awaki. Tukunyarku yake kiranta, domin ya ga yadda muka haƙa rami muka binne ta muka rufe. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a wurinsa. A ranar Talatar da azahar ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce ɗakin matarsa ya tsage daga sama har ƙasa, bai taɓa shi ba, yana jiran maganarmu. Amma ba wannan ne ya sa ya kira ba. Ruwa ya kusa ɗaukewa, ƙasa tana da laushi, yanzu ne lokacin tayar da kunyar doya ta baɗi. Idan ya bari ƙasa ta bushe, garma ba za ta shiga ba. Idan kuma ya tayar aka zo aka tashe su, ya yi wa wani aiki.

"Malama, kai ne ka san abin da tukunya ya faɗa. In yi kunya ko in bari?"

Na ce ya ba ni kwana biyu. Ya ce ƙasar za ta iya jira kwana biyu, amma ba za ta jira mako biyu ba.

Na fara da zargin kaina, domin nan kuskure ya fi zama. Na buɗe ɗan fayil ɗin na bi sahu sahu. Na taɓa musanya sahun fuska da na kusurwa a wani aiki, ɗigogin suka taru a gefe ɗaya kamar tumaki a inuwa, don haka nan na fara dubawa. Daidai suke. Na karanta layin umarnin da ke cewa wane launi ne na turi, wane ne na ja. Daidai yake, kuma da shi ne ya juye, da shida ne za su yi fari. Na koma kan layin girgizar na na'ura ta huɗu, na faɗaɗa shi har ya cika allon, na cire duk wata tacewa da ka iya lanƙwasa farkonsa. Ƙasa ya yi. Na nuna wa injiniya ba tare da na gaya masa ta wace na'ura ba ce. Ya ce ƙasa. Da aka tashi aiki ranar, abin da na tabbatar shi ne ban yi kuskuren karatu ba, manhajar ma ba ta yi kuskuren zane ba.

A Lugbe nake zaune, kuma duk wanda ke bin hanyar filin jirgi da safe ya san akwai lokacin tunani. Washegari a cikin cunkoson motocin hanyar na lura da cewa na bincika kaina, na bincika manhaja, amma ban bincika na'urar ba. Na ɗauka kawai cewa samanta sama ne. Akwai kuwa hanyar gwadawa ba tare da an tashi daga kujera ba. Manyan girgizar ƙasa da ke faruwa a can nesa, a wasu nahiyoyi, suna isowa har nan a raunane, mutum ba ya ji amma na'ura tana ji. Ga girgizar da ta yi tafiya mai nisa haka, na'urorinmu bakwai tamkar wuri ɗaya ne. Duk abin da ɗaya ta gani, shi sauran za su gani. Idan turi ne, bakwai su yi sama. Idan ja ne, bakwai su yi ƙasa.

Da na isa ofis na shiga ma'ajiyar bayananmu na zaɓo irin waɗannan guda huɗu masu farko mai tsabta: biyu daga kafin damina ta kankama, biyu daga bayan tsakiyarta. Na rubuta wa kowacce ɗan fayil, na sake amfani da umarnin nan dai, sai dai a wannan karon na ce ya ɗora kowane ɗigo a daidai inda na'urarsa take a taswira, don ido ya gani nan take. Ta farko, bakwai baƙaƙe. Ta biyu, bakwai farare. Ta uku, shida baƙaƙe, ta huɗu fara. Ta ƙarshe, shida farare, ta huɗu baƙa.

Na buga taswirorin huɗu a takarda, na jera su a kan teburin injiniya. Mutumin Zariya ne, ya girme ni nesa, ya yi shekaru yana binne na'urori a duwatsu kafin a haifi wasu ma'aikatanmu. Ya sa tabarau ya duba, ya cire ya sake dubawa. Ya ce shi ya ɗaura na'urar nan da hannunsa, ja ga ja, baƙi ga baƙi, kuma ya gwada ta ranar da aka binne ta. Na ce na yarda, takardu biyun farko ma shaidarsa ne. Abin da nake tambaya shi ne me ya same ta a tsakiyar damina.

"Ba abin da ya same ta. Ko ke kika je kika juya ta?"

"Ni ko garma ban iya riƙewa ba, Injiniya."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji shi. Ya sake ɗaukar takarda ta uku ya duba. Can ya ce a nemi mota gobe da sassafe, kuma a ɗauko na'ura ɗaya daga sito.

Ranar Alhamis muka isa ƙauyen wajen ƙarfe tara. Baba yana jiranmu a bakin hanya da garmarsa a kafaɗa, kamar wanda ya shirya jin ko wace amsa. Ya fara kai mu ɗakin matarsa. Tsagar ta taso daga kusurwar taga ta gangaro, yatsa yana shiga. Matar ta kawo mana ruwa, ta ce mu gaya wa gwamnati ita ba ta san wata kasuwa ba sai wadda take kai doya, kuma kakannin mijinta suna kwance a bayan gidan nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki kofunan ta koma ciki.

Daga ramin da na'urar take zuwa akwatin da ke ɗauke da batir da abin naɗar bayanai, akwai waya mai tsawon kamar taku goma, binne a ƙasa ba da zurfi ba. Injiniya ya fara da akwatin. Ja ga ja, baƙi ga baƙi, kamar yadda ya ce. Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya soma bin wayar da hannu yana ɗaga ta daga ƙasa a hankali. A wajen taku na shida ya tsaya. Akwai wani kumburi a jikin wayar, an naɗe shi da baƙin salatif, an sake naɗewa da leda, an ɗaure da igiyar roba. Aiki ne mai kyau. Ko ɗigon ruwa bai shiga ba.

Baba ya matso da fara'a ya ce wannan aikinsa ne. A lokacin noma na biyu fartanya ta sare wayar. Ya ga bai kamata tukunyar baƙi ta mutu a gonarsa ba, kuma a zo a ce manomi ya ɓata kayan gwamnati. Shi yake gyara wayar wutar gidansa da ta cocinsu, don haka ya fere bakin wayoyin, ya murɗa su, ya naɗe. Ya duba akwatin ya ga ɗan koren hasken nan yana ƙiftawa kamar da. Ya ce har ya kira Injiniya a ranar ya gaya masa.

Injiniya ya dafa goshi. Ya ce haka ne, an kira shi. Yana tuƙi a lokacin, ya ji Baba yana cewa waya ta samu matsala amma ya gyara, haske yana yi. Da ya koma ofis ya ga bayanai suna shigowa, sai ya ce madalla, bai rubuta a littafin na'urar ba.

Injiniya ya warware salatif ɗin. A ciki siraran wayoyi biyu ne, kuma robar jikinsu ta koɗe da ƙasa har launinsu ya kusa zama ɗaya. Da ya goge su da yatsa aka ga ja ya haɗu da baƙi, baƙi ya haɗu da ja. Na ɗauki hoton wayar a haka.

Baba ya ce, "To ai ƙwan lantarki ba ruwansa. Ko ta ina ka haɗa, zai kama."

"Ƙwai ba ruwansa, Baba," in ji Injiniya. "Wannan kuwa da ruwanta."

Ban so mu tsaya a kan launin roba ba. Muka haƙa ƙaramin rami dab da na'urar, muka dasa wadda muka zo da ita, muka haɗa su biyun da kwamfutar hannu, muka ɗora ta a kan buhu. Na ce Baba ya tsaya taku biyu daga wurin ya buga ƙafa sau ɗaya da ƙarfi. Ya buga. Layuka biyu suka yi tsalle a allon, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Na ɗauki hoton allon. Ya sake bugawa sau uku, kowane karo haka. Injiniya ya raba wayoyin ya mayar da kowace ga 'yar'uwarta, ya naɗe. Baba ya sake buga ƙafa. Layukan suka tafi tare kamar an ɗaure su.

Baba ya sunkuya yana kallon allon, ya ce in gaya masa abin da wannan ke nufi da Hausar da zai kai wa mutane. Na ce tun daga ranar da fartanya ta sare wayar, tukunyar tana faɗin gaskiya amma a juye. Idan an turo ƙasa sai ta ce an ja. Ranar da gari ya girgiza, sauran shida sun ce turi ne. Ita kaɗai ta ce ja ne, kuma maganarta ce ta sa ake tunanin ƙasa ce ke motsi da kanta. Yanzu mun gane ita ma turi ta ji.

Ya sauke garmar daga kafaɗa ya jingine ta da akwatin.

"Wato da hannuna na kusa tashin garinmu."

Injiniya ya riga ni amsawa. Ya ce Baba ya gyara, ya kuma kira ya faɗa, nan nasa ya ƙare. Wanda aka gaya wa bai zo ya duba ba, shi ne mai laifi, kuma haka zai rubuta. Baba ya ce to su raba laifin biyu, shi ya ɗauki ja, Injiniya ya ɗauki baƙi. Suka yi dariya kaɗan. Sannan Baba ya juyo gare ni ya maimaita tambayarsa ta ranar Talata.

Na gaya masa iyakar abin da na sani. Ba zan iya cewa ƙasar nan ba za ta taɓa motsi da kanta ba, babu mai iya faɗin haka game da kowace ƙasa. Ba ni ce kwamiti ba, kuma ba ni zan yanke hukunci ba. Amma girgizar da ta tsaga ɗakin matarsa, duk abin da ke hannuna yana nuna fashewa ce, kuma haka zan faɗa gobe a gaban kowa.

"Da gonarka ne fa?"

Na ce da tawa ce, da na tayar da kunya.

Muka koma Garki bayan azahar. Na buɗe ɗan fayil ɗin. Gyaran harafi ɗaya ne a sahu na huɗu, layi na huɗu, amma ban goge tsohon ba. Na kwafi fayil ɗin na ba shi sabon suna, na canza alamar a sabon, na rubuta a samansa layuka uku na bayani, irin waɗanda manhaja ke tsallakewa amma mutum ke karantawa: an juya alamar na'ura ta huɗu, ga dalili, ga inda hotunan gwaji suke. Na danna maɓallin kibiyar sama na kwamfutar, umarnin ranar Talata ya dawo, na canza sunan fayil kawai. Ɗigo bakwai, duk baƙaƙe.

Oga ya saurari labarin har ƙarshe. Ya tambayi abu biyu: ko mun gwada kafin mu gyara wayar, da ko akwai hoto. Na ce akwai duka. Ya ce to a sa sabuwar taswira a rahoto, a bar tsohuwar a ofis, kada a rikita kwamiti. Na ce gara a sa duka biyun. Kamfanin zai zo da nasa masanin, kuma yana da damar neman bayananmu. Idan ya buɗe layin na'ura ta huɗu ya ga ya yi ƙasa, alhali taswirarmu ta ce sama, zai ce mun juya ɗigo don mu ceci ƙauye, kuma daga nan ba wanda zai sake sauraronmu. Idan mu muka fara nunawa, da taswirori huɗun nan na girgizar nesa da hoton wayar, ba abin da ya rage masa ya tono.

Na ƙara da cewa ɗigo bakwai baƙaƙe su kaɗai ba hujja ce cikakkiya ba, kuma dole rahoton ya faɗi haka. Na'urori bakwai kaɗan ne, tana yiwuwa a ce duk sun faɗa a fuskokin turi na wata tsaga. Sai dai a nan sun kewaye wurin ta kowace fuska, abin ya faru ne dab da saman ƙasa, a daidai inda ramin kamfanin yake, da la'asar ɗin ranar aiki, kuma siffar layukan irin wadda muka saba gani ce duk lokacin da suka tayar da nakiya, girma kawai ya bambanta. Waɗannan ne suka haɗu suka zama amsa.

Oga ya ce, "Ke za ki yi bayanin, tunda ke kika jawo." Ya ce kuma in yi shi sau biyu, da Turanci ga kwamiti, da Hausa ga wakilan ƙauyen, domin ba ya son a fassara musu rabin magana.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma na tsaya na nuna taswirar farko mai farin ɗigo, na faɗi abin da take nufi da a ce daidai ce. Na nuna taswirori huɗun nan na girgizar nesa. Na nuna hoton wayar da hoton allon. Injiniya ya tashi ya faɗi nasa da bakinsa, bai ambaci wanda ya haɗa wayar ba, ya ce an sanar da shi bai je ba. Masanin kamfanin ya yi tambayoyi masu kyau, mafi yawansu a kan girgizar nesa, ya nemi a ba shi fayilolin da layukan umarni don ya sake zanawa da kansa. Na ba shi a wurin. Baba yana zaune a sahu na biyu cikin wakilai, da hularsa a gwiwa. Da na zo bayanin Hausa na kai wajen waya, ya sunkuyar da kai, na gefensa ya zungure shi da gwiwar hannu.

Kwamitin bai ba da shawarar tashin ƙauyen ba. Ya nemi kamfanin ya rage yawan nakiyar da yake tayarwa a lokaci guda, ya riƙa sanar da mutane rana da sa'a, ya kuma ce a bar na'urorinmu a wurin shekara guda don a ci gaba da saurare. Injiniya ya bi duka bakwai ya zura wayoyinsu a bututun roba, ya ƙara musu zurfi, kuma ya sa gwajin buga ƙafa a cikin abin da ake yi duk ziyara. Ni ma na ƙara mataki ɗaya a fayil ɗin umarnina: kafin in zana kowace da'ira, sai na fara zana girgizar nesa ta baya-bayan nan in ga ko bakwai ɗin bakinsu ɗaya.

Da muka koma duba na'ura ta huɗu bayan mako uku, an shafe tsagar ɗakin matar Baba da sabuwar ƙasa, kuma kunyoyin doya sun kai har taku biyu daga bututun.